Yadda ake gane keke mai firi, mai birkin feda da fiksi, da yadda ake tsayar da kowanne a gangaren Jos

Garin da ke da unguwa mai suna Gangare da wata mai suna Tudun Wada, ba sai an gaya wa mai keke a cikinsa cewa birki ne rabin tafiya ba. Jos tana zaune a kan tsauni mai tsayin kusan mita 1,200, kuma da wuya ka yi minti goma kan sirdi ba ka hau tudu ko ka sauka gangara ba. Keken da nake nufi shi ne mai ƙafa biyu da feda, don yau in ka ce keke a kasuwar Terminus, mai ƙafa uku za a nuna maka.

A zamanin iyayenmu keke kusan iri ɗaya ne: baƙin Raleigh ko Phoenix, birkin ƙarfe, kariya da ƙararrawa. Wanda ya iya na maƙwabcinsa ya iya na kowa. Yanzu kekunan gwanjo ne suka cika gari, na Turai, na Amurka, na Japan, duk a jingine wuri ɗaya. A cikinsu akwai iri uku da ido ba ya saurin rabewa, amma ba hanya ɗaya ake tsayar da su ba. Kama da wane ba wane ba ne.

Na saya wa ɗan ƙanwata irin wannan keke yana shekara 11. Babu hannun birki ko ɗaya a kansa. Da na tambaya, mai sayarwa ya ce, "Ai Malam, wannan birkinsa a ƙafa yake, ya fi na hannu, ba waya balle ta tsinke." Na yarda. Da damina yaron ya sako gangaren bayan layinmu, tayar baya ta faɗa wani rami da ruwa ya ci, kaca ta sauka, ya zarce cikin lambatu. Ɗinki uku aka yi masa a haɓa. Abin da ya ce da ni ina riƙe da shi a asibiti har yau yana kunnena: "Kawu, na taka baya, babu komai." Gaskiya ya faɗa. Birkin a ƙafa yake, amma ta kaca yake bi, kuma ban san haka ba lokacin da na ba da kuɗina.

Da farko, ka gane irin keken da ke gabanka

Kafin ka ɗora ƙafa, ka kifa keken a kan sirdinsa da kansa, ko wani ya ɗaga maka tayar baya. Ka juya feda gaba da hannu har tayar ta ɗau gudu, sannan ka saki, ka zuba ido.

In feda ta tsaya, taya ta ci gaba da juyawa tana ƙara kar-kar-kar, kuma ka mayar da feda baya ta juya sakayau ba abin da ya riƙe ta, wannan mai firiwil ne, wanda ake kira firi a taƙaice. Shi ne keken da yawancinmu muka koya da shi. Kalmar ita ce dai wadda direbobi ke faɗa in sun cire giya sun bar mota tana gangarawa da kanta. Feda a nan ba ta da aikin tsayarwa ko kaɗan, duk tsayawarka tana hannu.

In feda ta tsaya, taya ta ci gaba shiru, amma da ka mayar da feda baya ta ɗan tafi kaɗan sai ta cije, tayar ta tsaya cak, wannan mai birkin feda ne. Wasu na cewa birkin ƙafa, wasu kosta. Akwai wata alama da ba ta ƙarya: a gefen hagu na cibiyar tayar baya, wadda masu gyara ke kira hob, za ka ga wani ɗan ƙarfe mai faɗi kamar cokali ya miƙo, an ɗaure bakinsa a jikin firam, wato gangar jikin keken.

In kuwa ka saki amma feda ta ƙi tsayawa, tana bin taya duk inda ta je, ka juya ta baya taya ma ta koma baya, to fiksi ne. Ka janye yatsunka daga kusa da kaca tun kafin ka gama mamaki.

Kalmomi biyu suna rikita masu saye. Singil ma'anarsa keke mai giya ɗaya, shi ke nan. Singil yana iya zama firi, yana iya zama mai birkin feda, yana iya zama fiksi, saboda haka in an ce maka "singil ne", ba a gaya maka komai game da birki ba tukuna. Filif-filof kuma hob ne mai fuska biyu, gefe ɗaya firi, gefe ɗaya fiksi. Keken da ka sani firi a makon jiya, mai shi yana iya juya tayar ya mayar da shi fiksi yau. Shi ya sa gwajin hannu ya fi tambaya.

Na biyu, wane hannu ne na gaba?

Wannan bai kai minti ɗaya ba. Ka tsaya gefen keke, ka matsa hannun birki na dama, ka tura, ka ga wace taya ta kama. Kekunan Ingila hannun dama ne birkin gaba, kamar na babur. Na Amurka da yawancin ƙasashen Turai kuwa hannun hagu ne gaba. Tunda gwanjo ya haɗa su duka, ka gwada kowane keke da kansa. In ka saba da babur, gara ka sa mai gyara ya mayar maka da birkin gaba dama, hannunka ya zauna kan abu ɗaya.

Na uku, ka koyi birkin gaba

A nan zan daɗe, don a nan ne muka fi kuskure. Tun muna yara ake tsorata mu cewa birkin gaba kifar da mutum yake, har akwai masu kwance shi gaba ɗaya su jefar. Amma ka lura da abin da ke faruwa in ka ja birki: nauyinka da na keke duk suna zubowa gaba. Tayar gaba ta ƙara mannewa da ƙasa, ta baya ta yi sauƙi. Tayar da ta yi sauƙi kuwa ba ta riƙe hanya, ja kawai take tana zana baƙin layi. Saboda haka a kan kwalta busasshiya, mai birkin baya kaɗai yana bukatar kusan ninki biyu na tazarar da mai amfani da birkin gaba sosai ke bukata kafin ya tsaya. A gangara abin ya fi muni, domin nauyin ya riga ya karkata gaba tun ba a taɓa birki ba. Wannan ya shafi duka ukun: birkin feda da ƙafafun mai fiksi tayar baya kaɗai suke riƙewa.

Wanda birkin gaba ya kifar, yawanci fizgarsa ya yi a firgice, hannayensa a sake, jikinsa ya tafi gaba ya bar keken. Ga yadda ake koyo. Ka sami fili shimfiɗaɗɗe mai ƙasa tauri, irin harabar makaranta ranar Asabar. Ka aje dutse ya zama alama. Ka taho da gudun da bai wuce sassarfa ba, da ka iso dutsen ka ja birkin baya kaɗai, ka sa alama inda ka tsaya. Ka koma ka sake, wannan karon ka miƙe hannayenka su yi tauri, ka ja mazauninka baya kan sirdi, ka matsa birkin gaba a hankali kana ƙara ƙarfi, kamar mai matse lemon tsami, ba kamar mai damƙar ɓarawo ba. Ka duba tazarar alamun biyu da idonka. Ka yi ta maimaitawa kana ƙara gudu kaɗan-kaɗan, har ranar da za ka ji tayar baya ta fara ɗagawa. Nan ne iyaka, da ka ji haka sai ka ɗan sassauta hannu ta koma ƙasa.

Inda ake ja da baya da birkin gaba shi ne kan yashi, tsakuwa, laka, da cikin kwana. Tayar baya in ta zame ana iya gyara zama, ta gaba in ta zame sai ƙasa. Bakin titunanmu bayan ruwan sama cike suke da yashin da ruwa ya kwaso, saboda haka ka rage gudu tun keke yana miƙe, kafin ka shiga kwanar.

Na huɗu, abin da kowane iri ke bukata

Mai firi ba shi da wahala. Ka matsa kowane hannun birki iya ƙarfinka: in ya taɓa kan keke, waya ta saki, a ja ta. Ka duba robar birki, in ramukan jikinta sun shafe ta ƙare. Ka duba wayar inda ta shiga hannun birki da inda noti ya riƙe ta, don nan take fara tsittsinkewa. Tsofaffin kekuna masu rim na ƙarfe mai ƙyalli kuwa, in ruwa ya jiƙa su birki kusan ba ya kamawa a juyi na farko. A watan Yuli da Agusta ka riƙa ɗan taɓa birki tun da nisa don robar ta share ruwan. Cikin firiwil akwai 'yan ƙananan harsuna na ƙarfe masu sifirin, su ke wannan kar-kar. In ƙurar hunturu ta haɗu da tsohon giris suka daskare, za ka taka feda gaba ta juya a banza. Ka kwantar da keken, ka ɗiga man keken ɗinki a tsagar firiwil kana juya shi, har ƙarar ta dawo tangaran.

Birkin feda ba abin raini ba ne. Tsohuwar fasaha ce, kamfanin Fichtel & Sachs na Jamus ya fitar da hob ɗinsa mai suna Torpedo tun 1903. Yana rufe a cikin hob, ruwan sama ba ya dame shi, kuma ƙaramin yaron da hannunsa bai kai matsa birki ba yana iya taka shi. Amma yana da sharuɗɗa, kuma su ne ban sani ba.

Kaca ita ce ransa. Ka danna ta da yatsa a tsakiya, tsakanin babban farantin feda da ƙaramin haƙorin tayar baya: kada motsinta sama da ƙasa ya wuce kamar santimita ɗaya. In ta saki, ka kwance notocin taya da sifana lamba 15, ka sassauta notin wannan ƙarfe mai kama da cokali, ka ja tayar baya har kacar ta miƙe, ka tabbata tayar tana tsakiyar firam, sannan ka ɗaure duka. Kada ka manta da cokalin. Shi ke hana cikin hob juyawa in an taka birki, in ya kwance birkin ba zai kama yadda ya kamata ba, kuma yana iya murɗe abin da ke ciki. Na ga wanda aka ɗaure shi da igiyar roba. Wannan ba gyara ba ne.

Sai zaman ƙafa. Birkin yana da ƙarfi ne in fedoji suna kwance, ɗaya gaba ɗaya baya, ka taka ta bayan da diddige. In ɗaya tana sama ɗaya ƙasa, ƙarfin kaɗan ne. Ka koya wa yaro ya daidaita ƙafafunsa tun a saman gangara, kuma da takalmi mai riƙe ƙafa, domin silifas in ya zame daga feda birki ya tafi da shi.

Sai zafi. Duk gudun da birkin ya cinye zafi yake zama a cikin ɗan hob ɗin nan. A 1976 wasu matasa a gundumar Marin ta jihar Kaliforniya suka fara tseren gangarowa daga dutse kan tsofaffin kekuna masu birkin feda, tafiyar kilomita uku da 'yan kai, saukar kusan mita 400. Kafin su kai ƙasa giris ya ƙone, sai an buɗe hob an cusa sabo. Daga nan tseren ya sami sunansa, Repack, wato sake cusawa. Wanda ya san Hawan Kibo, doguwar gangarar nan ta hanyar Jos zuwa Akwanga, ya san irin saukar da ake nufi. Doguwar gangara ba ta mai birkin feda kaɗai ba ce. In dole ta kama, ka riƙa tsayawa hob ya huce, kuma kada ka taɓa shi da hannu.

Maganin duka shi ne a ƙara masa birkin gaba na hannu. Mai gyaran da na kai wa keken yaron, wani dattijo mai aiki a gindin bishiyar mangwaro, ya leƙa saman fok, ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe da tayar gaba, ya nuna mini wani ɗan rami da tsinken tsintsiya. "Ka ga wannan? Don birki aka huda shi." Bai yi awa ɗaya ba ya ɗaura. Yawancin kekuna suna da ramin nan.

Fiksi asalinsa keken filin tsere ne, irin zagayayyen fili mai gangaren bango da aka gina a babban filin wasa na Abuja don wasannin Afirka na 2003. A can da gangan ake ƙin sa birki: kowa hanya ɗaya ya nufa, ba mai tsallaka titi, ba akuya, ba mota, kuma wanda ya tsaya kwatsam zai zubar da na bayansa. Matasa sun ga bidiyonsa a YouTube, yana da kyau, ba nauyi, ba tarkacen waya, suka so shi, kuma ban ga laifinsu ba. Abin da ba na goyon baya shi ne fito da shi kan Ahmadu Bello Way babu birkin gaba. Abin da suke kira sikid, wato mutum ya zubo nauyinsa gaba ya ƙame ƙafafu har tayar baya ta kulle tana ja, gwaninta ce ta gaske, amma jan tayar baya ne, kuma mun ga iyakar tayar baya. A Landan a 2016 wani matashi kan fiksi marar birkin gaba ya buge wata mata tana tsallaka titi, ta rasu, a 2017 kotu ta ɗaure shi wata 18. Dokar Ingila tana lissafa fiksi a matsayin birkin baya, amma ta wajabta na gaba.

In ka ƙudura hawa fiksi, ga tsarin. A sa birkin gaba tukuna. A duba zoben kulle da ke bayan ƙaramin haƙori: haƙorin dama yake ɗauruwa, zoben kuma hagu, don in ka danne feda baya haƙorin ya so kwancewa sai zoben ya ƙara matsewa. Fiksin da aka haɗa kan hob na firi babu wannan zobe, ranar da ka fi bukatar tsayawa ranar haƙorin zai warware. A sa madaurin ƙafa a feda, domin a gangara fedoji suna juyawa da gudun taya, in ƙafarka ta kuɓuce ba za ka iya mayar da ita ba, sai su yi ta dukan ƙwaurinka. Ka fara koyo a fili, kana tuna wa kanka cewa ba a daina taka feda. Duk wanda ya zo daga firi zai manta sau ɗaya, ya so hutar da ƙafa, feda ta cilla shi sama daga sirdi. Gara wannan mantuwa ta same ka a hankali kan ciyawa. A kwana kada ka kwanta da yawa, tunda ba ka iya ɗaga fedar ciki, in ta daki kwalta tayar baya za ta tashi.

Tufafi kuma. A keke mai firi, in bakin wando ko gefen kaftani ya shiga kaca, ka tsayar da ƙafa ka mayar da feda baya ya fito. A fiksi babu wannan dama, kaca za ta ci gaba da naɗe shi har ta jawo ka ƙasa. Ka tura bakin wandon dama cikin safa, ka cusa igiyar takalmi ciki, babbar riga da dogon mayafi kuwa ba su da wuri a kan wannan keke. Haka in kana goge kaca: kada ka yi taya tana juyawa. Nauyin tayar yana jan kaca da ƙarfin da zai kai tsumma da yatsa tsakanin haƙora, kuma yatsu sun sha guntulewa ta haka. In akwai yara a gidan, kada ka bar shi a kife.

Na biyar, aro da canji

Ƙafa tana da haddarta, kuma a lokacin firgita abin da ta haddace take yi, ba abin da aka gaya wa kunne ba. Yaron da ya girma kan birkin feda, ranar da ya hau firi zai taka baya ya ji wayam. Wanda ya saba da firi, a kan mai birkin feda zai so gyara zaman feda baya yana cikin gudu, taya ta kulle. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, amma sai an ba ƙafa lokaci. Duk wanda ya sauya iri, ya yi tsayawa ashirin a fili kafin ya shiga titi. In za ka ba da aro, ka faɗi irin keken da bakinka, ka sa mai aron ya tsaya sau biyu a gabanka. Fiksi kuwa ni ban ga dalilin ba da shi aro ga wanda bai taɓa hawa ba, ko da zagaye ɗaya ya roƙa. Goyo a kariya yana ƙara nauyi da tazarar tsayawa, a gangara mai tsanani na bayan ya sauka ya taka.

Hular kwano a ɗaure a haɓa, fitila fara a gaba, ja a baya, da ƙararrawa mai aiki: waɗannan na kowane iri ne.

In birki ya ƙi kana cikin gangara

Ka kama ɗayan birkin nan take. In babu, kada ka jira, domin kowace daƙiƙa gudu ƙaruwa yake. Ka riƙe kan keke da hannu biyu, ka ɗaga murya mutane su ji. Ka mayar da ƙafa ɗaya baya ka danna tafin takalmi kan tayar baya daga sama, dab da firam, yadda yara ke yi, kana ƙara ƙarfi a hankali. Kada ka kai ƙafa tayar gaba, in wayoyin taya suka kama ta kifewa za ka yi ta kai. Idonka ya nemi layin da ya hau tudu, ko ciyawa, ko tarin yashin magina, ka nufi can. In ba ko ɗaya, kuma mahaɗar hanya ce a ƙasa, ka kwantar da keken ta gefe tun gudun bai yi yawa ba, ka bar cinya da kafaɗa su sha ƙasa, haɓarka a manne da ƙirji.